Daga "idan... to" zuwa ƙididdiga: ta ina ɗan aji ɗaya zai kama lissafin jami'a?

'Yar Unguwar Rogo:
Salamu alaikum, barkanmu da yamma iyayena da yayyena. Tambaya ce a madadin 'yan aji ɗaya da muke bita tare a Jami'ar Jos. An haɗa mana manɗiƙi (ilimin auna gaskiya da ƙaryar magana), da darasin rukuni mai zanen Venn, da ƙirge, da yiwuwa, da ƙididdiga, kowanne da tulin fomulolinsa. Ta ina ya kamata a fara? Kuma in lokaci ya ƙure, wanne za a iya tsallakewa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babu wanda za a tsallake, domin abu ɗaya ne ya sauya riga sau huɗu. Ki riƙe ƙananan kalmomi uku: "da", "ko", da kuma korewa, wato "ba... ba". A manɗiƙi ana rubuta su ∧, ∨, ¬. A darasin rukuni su ne dai suka koma ∩, ∪, da abin da ya rage a wajen da'ira. A yiwuwa kuma "da" ta kan kai ki ga ninkawa, "ko" ta kai ki ga tarawa, korewa ta kai ki ga cirewa daga 1. Wanda ya gane wannan, rabin fomulolin nan ba sai ya haddace su ba, da kansa zai fitar da su.

Don haka a fara da teburin gaskiya. Magana a manɗiƙi ita ce jimlar da za a iya ce mata gaskiya ko ƙarya. "Jos na jihar Filato" magana ce. "Rufe ƙofa" ba magana ba ce a wannan ma'ana, umarni ne. In kina da maganganu biyu, p da q, teburin layi 4 ne. In uku ne layi 8, in huɗu ne 16, kullum ninkawa yake yi. Yadda za ki cike shi ba tare da maimaita layi ba: a tebur mai layi 8, ginshiƙin farko ki sa G (gaskiya) huɗu sannan Ƙ (ƙarya) huɗu, na biyu bibbiyu, na uku ɗai-ɗai. Yawancin makin da ake rasawa a nan ba na rashin fahimta ba ne, layi ne ya ɓace ko aka rubuta shi sau biyu.

Ɗan Gangare:
Malam, da girmamawa, ni ban yarda a fara da tebur ba. Yaran nan makonni kaɗan gare su. Su ɗauko tambayoyin shekarun baya na ƙirge da yiwuwa su yi ta warwarewa, nan ne ake faɗuwa. Teburin gaskiya aikin kwana biyu ne.

Malamin Lissafi:
To a ba shi kwana biyun nan tun farko, ɗan'uwa. Cike tebur ne aikin kwana biyu. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne ke kayar da su a yiwuwa ba tare da sun san daga ina aka jefe su ba.

Baba Tudun Wada:
Bari in sa baki a kan "idan p to q", domin nan ne ɗalibai suke tayar da jijiyar wuya. Suna cewa ta yaya za a ce magana gaskiya ce alhali sharaɗinta bai cika ba? Ku ɗauke ta a matsayin alkawari. Uba ya ce wa ɗansa: idan ka ci jarrabawa, zan saya maka waya. Yaro ya ci, an saya: uba ya cika alkawari. Yaro ya ci, ba a saya ba: uba ya saɓa. Yaro ya faɗi, ba a saya ba: babu wanda zai kira uban maƙaryaci. Yaro ya faɗi, amma uba ya ji tausayi ya saya: nan ma bai saɓa ba, domin bai taɓa cewa komai a kan faɗuwa ba. Kun ga layi ɗaya tak ne ƙarya a cikin huɗun, wato inda p gaskiya ce, q ƙarya.

Sai kuma juyi. "Idan an yi ruwa, ƙasa ta jiƙe" ba daidai take da "idan ƙasa ta jiƙe, an yi ruwa" ba, domin mai garuwa ma yana iya zubar da ruwa. Wadda take daidai da ta farkon ita ce wadda aka juya sannan aka kore duka ɓangarorin: "idan ƙasa ba ta jiƙe ba, ba a yi ruwa ba". Ku zana teburinsu gefe da gefe, za ku ga ginshiƙin ƙarshe iri ɗaya ne layi da layi.

Kuma kada yaranmu su ɗauka wannan ilimi baƙo ne. Manɗiƙi fanni ne da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Abin da George Boole ɗan Ingila ya yi a 1854 shi ne mayar da shi alamomin da za a yi aljabara da su, kuma a kan wannan aikin ne kwamfuta take tafiya a yau.

Anti Mai Ƙididdiga:
Baba ya gama magana a kan wannan. Abin da zan ƙara shi ne "ko". In mai shayi ya ce miki "ko shayi ko koko", ɗaya yake nufin ki zaɓa. "Ko" ta lissafi ba haka take ba, ta haɗa har da duka biyun. "p ko q" ba ta zama ƙarya sai in dukansu ƙarya ne. Ki rubuta wannan a bangon littafinki, ƙanwata, za ki sake haɗuwa da shi.

Sannan korewa. A ce ki kore "duk ɗalibai sun ci". Da yawa za su rubuta "duk ɗalibai sun faɗi". Kuskure ne. Mutum ɗaya ya faɗi ya isa ya ƙaryata maganar, saboda haka korewarta ita ce "akwai aƙalla ɗalibi ɗaya da bai ci ba". Haka in an ce "ya zo da biro da kalkuleta", korewarta ba "bai zo da ko ɗaya ba" ce. Ita ce "bai zo da biro ba, ko bai zo da kalkuleta ba". In korewa ta shiga, "da" ta kan koma "ko", "ko" ta koma "da". Wannan su ne dokokin De Morgan.

'Yar Unguwar Rogo:
Anti, na gane wannan. To ina haɗinsa da da'irorin Venn?

Injiniya Bukuru:
Ga haɗin, da lambobi na misali. Aji mai mutum 60. Mutum 38 na cin masa, 30 na shan gwaten acca, 12 ba ruwansu da ko ɗaya. Nawa ne ke cin duka biyun?

Matakin farko, cire na waje: 60 − 12 = 48. Waɗannan su ne masu "masa ko gwate", da "ko" ɗin da Anti ta faɗa, mai haɗawa da duka biyu. Mataki na biyu, tara 38 da 30, ya ba da 68. Ya wuce 48 da 20. Daga ina rarar ta fito? Daga mutanen da aka ƙirga sau biyu, sau ɗaya a layin masa, sau ɗaya a layin gwate. Saboda haka masu duka biyu 20 ne, masu masa kaɗai 18, masu gwate kaɗai 10. Gwaji: 18 + 20 + 10 + 12 = 60.

Inda ake ɓarin maki: a rubuta 38 a ɓangaren "masa kaɗai" na da'ira. Ba nan ne wurinsa ba, 38 ta dukan da'irar ce har da tsakiya. Kullum a fara cike zanen daga tsakiya zuwa waje, musamman in da'ira uku ne. Kuma a duba ko tambaya ta ce "kaɗai", wannan kalma ɗaya tana sauya amsa.

Ɗan Gangare:
To yanzu an zo wurina. Ƙirge tambaya ɗaya ce: shin jeri na da muhimmanci? Ƙungiya mai mutum 10 za ta fitar da shugaba, sakatare da ma'aji: kujerar farko mutum 10 ke iya hawa, ta biyu 9, ta uku 8, wato 10 × 9 × 8 = 720. In kuwa wakilai uku kawai za a tura taro, babu muƙami, to kowane mutum ukun nan an ƙirga su sau 6 a cikin 720 ɗin, domin hanyoyi 3 × 2 × 1 ake iya jera mutum uku. Sai a raba: 720 ÷ 6 = 120. A kalkuleta na farkon shi ne nPr, na biyun nCr, amma wanda ya san dalilin raba da 6 ba zai rikita maɓallan ba.

Tambaya ta biyu: ana iya maimaitawa? Lambar sirri ta katin banki mai lamba huɗu, 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000. In an hana maimaita lamba, 10 × 9 × 8 × 7 = 5,040. 'Yan adashe shida kuwa, hanyoyin tsara wanda zai fara kwasa har zuwa na ƙarshe 6 × 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 720 ne, faktoriyal na 6 ke nan. Kuma faktoriyal na sifili 1 ne, ba sifili ba, kada a manta.

Yiwuwa kuma ba komai ba ce illa abin da kake nema bisa dukan abin da ka iya faruwa. Ludo mai dayis biyu, kana neman shida don ka fito daga gida: kowane dayis 1/6, ka tara, 2/6.

Malamin Lissafi:
Tsaya nan, ɗan'uwa. Wannan 2/6 ɗin ita ce dalilin da na ce a fara da manɗiƙi. 2/6 daidai take da 12/36, amma amsar 11/36 ce. Zana akwati mai gida 6 a tsaye, 6 a kwance, gida 36. Layin da dayis na farko ya ba da shida gida 6 ne, ginshiƙin da na biyu ya ba da shida gida 6 ne, amma sun haɗu a gida ɗaya, shida-da-shida, ka ƙirga shi sau biyu. Masa da gwaten Injiniya ne suka dawo. 6 + 6 − 1 = 11.

Ko ka bi ta korewa, wadda ta fi sauri. Korewar "aƙalla shida ɗaya" ita ce "babu shida a na farko kuma babu a na biyu", De Morgan ke nan. 5/6 × 5/6 = 25/36. Cire daga 1, saura 11/36. Kuma ga yadda za ka gane tarawar nan ba ta tsayuwa: in jifa bakwai ne, za ta ba ka 7/6, alhali yiwuwa ba ta taɓa wuce 1.

Ɗan Gangare:
Na karɓa, Malam, 11/36 ce. Amma ban janye batun tambayoyin baya ba. A yi manɗiƙin, sannan a zauna a kansu.

Malamin Lissafi:
A kan wannan ba mu da saɓani. Sharaɗi ɗaya: a rufe amsa kafin a fara.

Baba Tudun Wada:
Ai fannin ma daga irin wannan ruɗani ya taso. A 1654 ne Blaise Pascal da Pierre de Fermat a Faransa suka yi musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin wasa in an katse shi kafin a gama, daga nan lissafin yiwuwa ya samu gindin zama. Sai 1933 Kolmogorov na Rasha ya kafa shi a kan darasin rukuni, shi ya sa kuke ganin ∩ da ∪ a cikin fomulolinsa.

Sista Nas:
Barkanku da dare. Ni misalin da nake so kowane ɗalibi ya iya warwarewa, ko da ba don jarrabawa ba, shi ne na sikila. Miji AS, mata AS. Kowannensu yana ba da A ko S, rabi da rabi. Gida huɗu ne: AA, AS, SA, SS. Saboda haka a kowane ciki yiwuwar SS 1/4 ce, AS 1/2, AA 1/4.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake fassara wannan 1/4 ɗin. Sai ka ji ana cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zama sikila, in an haife shi sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, ciki ba ya tuna wanda ya gabace shi. In 'ya'ya huɗu ne, yiwuwar a ce babu SS ko ɗaya ita ce 3/4 sau huɗu a ninke, 81/256, kusan kashi 32 cikin 100. Yiwuwar a samu aƙalla ɗaya kuwa 175/256, sama da kashi 68 cikin 100. A samu ɗaya cif, 108/256, wajen kashi 42. Ragowar, kimanin kashi 26, biyu ne ko fiye.

'Yar Unguwar Rogo:
Sista, ina 108 ta fito? Ni 27/256 nake samu.

Sista Nas:
Kin yi 1/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4, daidai ne, amma wannan na jeri ɗaya ne kawai, inda ɗan fari ne SS. Zai iya zama na biyu, ko na uku, ko auta. Hanyoyi 4 ke nan, 4 × 27 = 108. Wannan 4 ɗin ita ce nCr ɗin da Ɗan Gangare ya yi bayani, zaɓen ɗaya daga huɗu. Fomular binomiyal da za a ba ku nan gaba wannan ce, ba wani abu ba.

Anti Mai Ƙididdiga:
Madalla da wannan misali, domin ya fito da bambancin da ya fi kowanne rikita ɗalibai. Abubuwa biyu su zama ba sa haɗuwa daban, su zama ba ruwan ɗaya da ɗaya daban. Yaro ɗaya ya zama AA kuma ya zama SS: ba sa haɗuwa, yiwuwar haɗuwarsu sifili, a nan ne ake tarawa kai tsaye in an ce "ko". Ɗan fari SS, na biyu SS: suna iya haɗuwa, amma na farko ba ya sauya yiwuwar na biyu, a nan ne ake ninkawa kai tsaye in an ce "da". Waɗanda ba sa haɗuwa ma ai sun fi kowa dogara da juna, tunda da zarar ɗaya ya faru ka tabbata ɗayan bai faru ba.

Irin tunanin "ciki yana tunawa" shi ne ke cinye masu caca. Sun faɗi sau biyar, sai su ce na shida dole a ci. Kwabo ko ya faɗi kai sau goma a jere, jifa na gaba rabi da rabi ne.

Injiniya Bukuru:
Sai yiwuwa mai sharaɗi, wadda ake jingina wa Thomas Bayes, aikin da aka buga a 1763 bayan rasuwarsa. Shawarata kada a fara da fomula, a fara da mutane. Lambobin nan na misali ne. Gari mai mutum 10,000, kashi 1 cikin 100 na da wata cuta, wato mutum 100. Gwajin yana kama kashi 90 na masu ita: 90. Yana kuma yin kuskure a kan kashi 5 na masu lafiya: kashi 5 na 9,900, wato 495. Duk waɗanda gwaji ya ce suna da ita: 90 + 495 = 585. Masu ita da gaske a cikinsu 90. Saboda haka wanda gwaji ya nuna yana da ita, yiwuwar da gaske ne 90/585, kashi 15 da ɗan ɗoriya cikin 100.

Yawancin mutane kashi 90 za su ce. Sun ɗauki "idan yana da cutar, gwaji zai nuna" sun mayar da ita "idan gwaji ya nuna, yana da cutar". Ruwa da jiƙar ƙasar Baba ne. Dalilin da adadin ya yi ƙasa haka shi ne masu lafiya sun fi yawa nesa ba kusa ba, ɗan kuskure a kansu ya rinjayi dukan masu cutar. Ku sauya kashi 1 ɗin zuwa kashi 20 ku sake lissafin, za ku ga amsa ta haura kashi 80.

Sista Nas:
Shi ya sa a asibiti in gwajin tantancewa ya nuna wani abu, ake sake wani gwajin don tabbatarwa kafin a yanke hukunci.

'Yar Unguwar Rogo:
Allah ya saka da alheri. Saura ƙididdiga. Mu dai matsakaici mun iya tun sakandare, ma'aunin warwatsuwa ne ke ba mu wahala, da batun raba da n (yawan lambobin) ko n − 1.

Anti Mai Ƙididdiga:
Kafin nan, matsakaicin ma a yi hattara da shi. A ce 'yan kasuwa biyar a Farin Gada, ribar mako: naira 20,000, 22,000, 25,000, 28,000, sai babban dillali mai 305,000. Jimla 400,000, a raba biyar, 80,000. Huɗu daga cikinsu ko rabin wannan ba su samu ba. Na tsakiya kuwa, bayan an jera daga ƙarami zuwa babba, 25,000 ne, kuma shi ya fi faɗin gaskiyar kasuwar. Duk inda lamba ɗaya ta yi wa saura fintinkau, kamar albashi ko kuɗin haya, na tsakiya ake dubawa. Kuskuren da ake yi: a ɗauki na tsakiya ba a jera ba. In adadin lambobin mai rabuwa biyu ne, a tara biyun tsakiya a raba biyu.

Akwai kuma matsakaici mai nauyi, wanda da shi ake lissafa sakamakonku. Kwas mai yunit 3 kin samu A, maki 5. Mai yunit 2 kin samu C, maki 3. Mai yunit 1 kin samu B, maki 4. Ba (5 + 3 + 4) ÷ 3 ba ne. Ninka kowanne da yunit ɗinsa: 15 + 6 + 4 = 25, raba da jimlar yunit 6, ya ba da 4.17.

Yanzu warwatsuwa. Buhunan dankalin Bokkos biyar, nauyinsu a kilo: 48, 50, 50, 52, 55. Ki yi tebur mai ginshiƙi uku. Matsakaici: 255 ÷ 5 = 51. Ginshiƙi na biyu, tazarar kowanne daga 51: −3, −1, −1, 1, 4. Ki tsaya ki tara su, dole su ba da sifili, in ba su ba da ba to matsakaicinki ne ba daidai ba, kada ki ci gaba. Wannan sifilin ne ma ya sa ake ninka kowace tazara da kanta, don kada masu ragi su cinye masu ƙari. Ginshiƙi na uku: 9, 1, 1, 1, 16, jimla 28.

In buhunan nan biyar su ne duk abin da ake magana a kai, 28 ÷ 5 = 5.6, tushensa (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 5.6) 2.37. In kuwa samfur ne aka ciro daga mota guda don a kimanta sauran, 28 ÷ 4 = 7, tushensa 2.65. Me ya sa 4? Domin tazarar da kika auna daga matsakaicin samfur ɗin ne, ba daga ainihin matsakaicin dukan motar ba, kuma lambobi sun fi kusa da nasu matsakaicin fiye da kowace lamba. Jimlar takan fito ƙasa da yadda ya kamata, rabawa da n − 1 ke gyara wannan. Wata hanyar ganinsa: tunda tazarar dole ta taru a sifili, in kin san huɗu ta biyar ta riga ta fito, huɗu ne kawai ke da 'yanci. Kada ki manta ɗaukar tushe a ƙarshe. 7 ɗin nan ita ake kira bariyans, ba a kilo take ba. 2.65 ce a kilo, ita ce ma'aunin warwatsuwar.

Ɗan Gangare:
A kalkuletar Casio fx-991ES Plus: MODE, 3, sannan 1. Shigar da lambobin, kowacce ka danna =. Danna AC, ba za su goge ba. SHIFT, 1, ka zaɓi Var. σx ita ce ta raba da n, sx ta raba da n − 1. Wasu tsofaffin suna rubuta xσn da xσn−1. Abu biyu ke jawo matsala: barin lambobin tambayar baya a ciki, da mantawa a mayar da ita MODE 1 bayan an gama. Fara duba n, in ba ta yi daidai da adadin lambobinka ba, ka san akwai saura a ciki. Amma a rubuta teburin a takardar amsa, malamai na ba da maki a kan matakai.

Malamin Lissafi:
Kuma kada a taƙaita lamba a tsakiyar aiki. In matsakaici ya fito 51.4, kada a mayar da shi 51 don sauƙi, kuskuren zai ninku a ginshiƙi na uku. A ƙarshe ake taƙaitawa.

Baba Tudun Wada:
Ni abin da nake tsoro a ƙididdiga ba lissafin ba ne, inda aka samo lambobin ne. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya yi nasara da gagarumin rinjaye. Sunayen da suka aika wa takarda sun fi fitowa daga masu tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka maido da amsa. George Gallup da samfur ɗin da bai kai kusa da wannan yawa ba ya faɗi wanda zai ci daidai. To haka ɗalibin da zai yi bincike a kan kuɗin mota a Jos, ya tsaya a ƙofar jami'a ta Naraguta kawai yana raba takarda: ko mutum dubu ya tambaya, ra'ayin ɗalibai ya samo, bai ji na mutanen Bukuru ko Dilimi ba.

Haka batun abu biyu su tashi tare. A watan Disamba da Janairu cinikin rigunan sanyi yana ƙaruwa a Taminus, tsagewar leɓe ma tana ƙaruwa. Rigar ba ta tsaga leɓen kowa ba, hunturu ne ya kawo su duka.

Malamin Lissafi:
'Yata, ga gwaji kafin ki kwanta. Kwando mai tumatir 8, guda 3 sun ruɓe. An ɗauki biyu ido rufe, ba a mayar da na farko ba. Mece ce yiwuwar a samu aƙalla ruɓaɓɓe ɗaya?

'Yar Unguwar Rogo:
Na bi ta korewa, Malam. Duka biyu masu kyau: 5/8 × 5/8 = 25/64. Cire daga 1, 39/64.

Malamin Lissafi:
Hanyar daidai ce, lamba ɗaya ce ta kuɓuce miki. Bayan ɗaukar farko, nawa suka rage a kwandon, kuma nawa ne masu kyau a ciki?

'Yar Unguwar Rogo:
Saura 7, masu kyau 4. To 5/8 × 4/7 = 20/56, wato 5/14. Amsa 9/14. Ashe nan ba kamar na ciki ba ne, ɗaukar farko ta sauya ta biyu.

Injiniya Bukuru:
Haka ne. Yanzu ki tabbatar da ita ta hanyar ƙirge: zaɓen 2 daga 8 hanyoyi 28 ne, zaɓen 2 daga masu kyau 5 hanyoyi 10 ne, 10/28 ita ce 5/14 ɗin nan. Gobe ku gwada shi da ɗauka uku, ku zana bishiya mai rassa, ku tabbata rassan da suka fito daga kowace gaɓa sun taru sun ba da 1.

'Yar Unguwar Rogo:
In sha Allahu. Da ɗauka uku na samu 5/8 × 4/7 × 3/6 = 60/336, wato 5/28 duka masu kyau, saura 23/28. Bishiyar sai da safe, an ɗauke wuta.